Asibitin masu ciwon hanta da nake zuwa a Unguwar Rimi, da gaskiyar allurar nan da ake ta yaɗawa

Idan kana da ciwon hanta nau'in B a garin Kaduna kuma kana neman inda za a riƙa bibiyarka tsakani da Allah, akwai wani ƙaramin asibitin kuɗi ta wajen Unguwar Rimi da zan iya ce maka ka je, amma fa ka tafi da haƙuri da kuma ɗan abu a aljihu. Ba zan kama sunansa ba, dan akwai abubuwan da basu yi min daɗi ba da zan faɗa, kuma mutanen nan sun yi min alherin da bazan so in zubar musu da mutunci a bainar jama'a ba. Wanda ya san unguwar zai gane inda nake nufi. Abin da yasa na ɗaure na rubuta shine yadda likitan wurin ya zaunar dani ya warware min maganar sabuwar allurar nan mai suna siRNA da ake cewa tana rufe bakin ƙwayar cuta, wadda yanzu wasu marasa tsoron Allah suka fara cin kasuwa da sunanta a WhatsApp.

Ni dai wajen bada jini aka gano min, matar yayana ce ta zo haihuwa jini ya ɓalle mata, naje bayarwa akace nawa bazai yiwu ba. Lafiyata ƙalau a lokacin, ba shawara ba kumburi ba komai, kuma haka yawancin masu ita suke, shi yasa take cin mutane a ɓoye. Binciken da gwamnatin tarayya tayi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, wato a duk sahun sallah mai ɗan tsawo da wuya ace babu mutum ɗaya ko biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tace a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, ta kashe kimanin miliyan 1.1 a wannan shekarar kaɗai. Amma a garin nan har yanzu da raɗa ake maganarta.

Wurin gida ne aka maida asibiti, falon shine wajen jira, kujerun roba a jere da fanka biyu da wata talabijin da kullum take tashar labarai babu murya. Akwai tsafta wallahi, wannan bazan hana su ba, banɗakin ma akwai ruwa da sabulu wanda duk mai yawon asibiti a ƙasar nan yasan ba ƙaramin abu bane. Likitan hanta ba kullum yake zama ba, yana da ranakunsa kuma sai yamma yake shigowa dan yana aiki a wani wurin, saboda haka in akace maka ƙarfe huɗu toh ka sa ranka har bayan magariba. Akwai tabarmi da buta a bayan ginin, anan muke sallah.

Abin da yafi ɓata min rai tun farko shine yarinyar dake wajen yankar kati. Ba wai bata da kirki bane, tana gaisuwa da fara'a, amma murya gareta kuma bata san abin da ake kira sirri ba. Ina zaune naji ta ɗaga murya tana tambayar wata baiwar Allah mai niƙabi, "Hajiya kece ta gwajin hanta ko? Naki bai dawo ba." Falo cike da mutane. Matar ta sunkuyar da kai ta fita ko amsa bata yi ba, ni kaina sai da naji kunya ta kama ni. A garin da ake fasa aure saboda wannan sakamakon, ake ware wa mutum kwano da kofi a gidan ubansa duk da cewa ba ta cin abinci tare ko zufa ake ɗauka ba, wannan ba ƙaramin ganganci bane. Na faɗa wa nas ɗin dake ciki, tace zata yi mata magana, kuma gaskiya daga baya naga sun koma kiran lambar kati, sai dai in wata ce a teburin sai a koma gidan jiya.

Shi kuwa likitan, Allah ya saka masa da alheri. Bai fara rubuta min magani ba sai da yasa akayi gwajin aikin hanta, da na ƙoda, da na yawan ƙwayar cutar a jini, da hoton ciki, da kuma gwajin HIV. Da naji na ƙarshen sai da gabana ya faɗi, yace, "Malam kwantar da hankalinka, ba zarginka nake ba, maganin da zan iya ɗora ka a kai yana aiki a kan cutukan biyu, in mutum yana da ɗayar bai sani ba ya sha shi kaɗai toh an lalata masa maganin gaba." Sannan yace in kawo uwargida da yara a gwada su, waɗanda basu da ita ayi musu rigakafi. Ya tambayi shekarun yaran yace tun 2004 aka saka rigakafin cikin alluran jarirai a Najeriya, amma wadda tafi muhimmanci itace ta cikin awa 24 na farko bayan haihuwa, kuma ita ce ake yawan rasawa tunda da yawa a gida ake haihuwa sai bayan suna a fita. Ya hanani aski da askar wanzami ta haya, da cin gyaɗa ko masarar da tayi fumfuna dan gubar dake ciki in ta haɗu da wannan cutar tana ƙara haɗarin kansar hanta, da shan duk wani jiƙe-jiƙen da ban san me ke ciki ba. Bayan sakamako ya fito ya ɗora ni kan tenofovir, ƙwaya ɗaya mai miligiram 300 kullum, kuma ya kalleni ido cikin ido yace wannan danne cutar yake ba fitar da ita ba, kada in kuskura in daina da kaina ko naji garau, dan dainawa farat ɗaya tana iya sa hantar ta tashi da kumburin da yafi na farko.

Toh ana nan sai Kawuna, ƙanin mahaifiyata dake Rigasa, ya turo min wani bidiyo da saƙon murya. Wani mutum ne cikin farar riga yana riƙe da ƙaramar kwalba yana cewa wannan ce sabuwar fasahar Turawa mai suna siRNA, an shigo da ita ta Dubai, allura uku kawai ta wanke hanta tas, mutum ya jefar da ƙwayoyinsa. Kuɗin da ya kira ya isa sayen fili a bayan gari. Kawu yace, "Ɗana in dai lafiya za a samu zan saida shanuna biyu, kada ka damu da kuɗi." Wallahi har hawaye sai da ya zo min, dan nasan da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma duk wanda yake haɗiyar magani kullum ba ranar gamawa yasan yadda irin wannan maganar take shiga rai.

Na kai wa likita bidiyon. Na zaci tsaki zai ja yace ƙarya ne ya sallameni, dan akwai layi a waje. Sai ya kalla har ƙarshe, ya ajiye wayar, yace, "Malam, sunan da ya kira gaskiya ne, akwai abin. Kwalbar dake hannunsa ce ban san me ke ciki ba, kuma shima ina shakka in ya sani." Ya juya bayan takardar sakamakona ya ɗauki biro ya zana da'ira babba da ƙarama a cikinta. Yace babbar itace tantanin hanta guda ɗaya, ƙaramar kuma ɗakin tsakiya inda ake ajiyar bayanan gado, kuma ƙwayar cutar ta shige wannan ɗakin ta ajiye nata kundin a dunƙule kaman zobe, shi ake kira cccDNA. Yace ka ɗauka wani maigida ne ya kulle kansa a ɗaki baya fitowa, sai dai ya rubuta takarda ya ba ɗan aike ya kai wa ma'aikata su ƙera masa abin da yake so. Takardar itace RNA. Tenofovir yana hana a buga sabon kundi ne, shi yasa yawan ƙwayar cutar yake sauka a jini har a kasa ganinsa, amma maigidan yana nan a ɗaki 'yan aike kuma suna ta fita. Shi kuwa siRNA ɗan aiken yake tarewa a hanya ya yaga takardar. Yace, "Amma ka lura, har yanzu babu wanda ya fito da maigidan daga ɗaki."

Wannan zanen yana nan cikin fayil ɗina, kuma shine yasa na koma gida na duƙufa karatu a kan abin, dan naga ashe ba sihiri bane, abu ne da mutum zai iya fahimta. siRNA wani ɗan guntun RNA ne mai igiya biyu, tsawonsa harafin gado 21 zuwa 23 kacal, ana tsara shi ya dace da wani sashe na saƙon da ake son kashewa. In ya shiga tantani sai wani gungun furotin da Allah ya riga ya halitta a jikinmu, ana ce masa RISC, ya ɗauki igiya ɗaya ya riƙa yawo da ita, duk saƙon da ya dace da ita sai ya datse shi gida biyu ya wuce neman na gaba, shi yasa allura ɗaya take iya yin makonni ko watanni tana aiki. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Andrew Fire da Craig Mello, su suka bayyana wannan tsarin a 1998, kuma a jikin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa suka gano shi, aka basu kyautar Nobel a 2006. Amma sai da aka shekara 20 cur kafin a samu maganin farko, dan wahalar ba a tsara shi take ba, a kai shi inda ake so ne, in ka zuba shi tsirara a jini nan da nan jiki yake narkar dashi ƙoda ta fitar. Sai a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da patisiran na kamfanin Alnylam, kuma na wata cutar gado ce mai lalata jijiyoyi, ba na bairos ba. Bayansa akwai inclisiran na rage kitsen jini, wanda bayan alluran farko sau biyu kawai ake yi a shekara. Ɗaya daga cikin dabarun da suka samu itace liƙa masa wani nau'in sukari da tantanin hanta yake cafkewa da sauri, shi yasa kusan duk na farkon nan a hanta suke aiki, kuma shi yasa masu bincike suka ce toh ga cutar da gidanta ma hanta ne, bari mu gwada.

Abin da ya ƙara sa na yarda da likitan nan shine bai ɓoye min inda abin ya faɗi ba. Shi ya kawo maganar Ebola da kansa, yace, "Kana garin nan a 2014?" Nace ina nan. Wa zai manta daren da aka riƙa bugo waya ana tada mutane cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har sai da aka kwantar da mutane a asibiti saboda gishirin ba saboda Ebola ba. A shekarar ne Patrick Sawyer ya shigo da ita Legas a watan Yuli, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti ta rasa ranta a dalilin haka, mutum 8 suka rasu a ƙasar nan kafin a ayyana ta ƙare ranar 20 ga Oktoba. Toh akwai wani kamfanin Kanada mai suna Tekmira da ya haɗa siRNA na Ebola, a 2010 an gwada shi a birai ya tsare su daga mutuwa, duniya ta ɗauka an samu mafita. Da aka kai shi Saliyo a 2015 aka ba marasa lafiya 14, 11 suka rasu, aka tsaida gwajin dan babu alamar ya ƙara yawan masu tsira. Mutanen sun zo da cutar ta riga ta ci jikinsu sosai, wannan gaskiya ne, amma dai sakamakon kenan. Yace min, "Abin da yayi aiki a biri ba lallai yayi a mutum ba, kuma wanda yayi a mutum goma ba lallai yayi a dubu ba, shi yasa ake bin mataki-mataki." Wannan kamfanin ne daga baya ya koma Arbutus ya maida hankali kan ciwon hanta, nasu maganin sunansa imdusiran.

A ɓangaren tamu cutar labarin yafi daɗi amma bai kai yadda mai bidiyo yake faɗa ba ko kusa. Abin da ake nema shine a kawar da wani furotin da ƙwayar cutar take ambaliyarsa cikin jini, HBsAg, wanda shine ƙaramin gwajin nan na tsinke yake kamawa. Yawansa yana gajiyar da garkuwar jiki har ta daina faɗa, toh tunanin shine in aka rage shi sosai garkuwar zata farfaɗo ta riƙe cutar da kanta, mutum ya ajiye magani. Da tenofovir kaɗai wannan yana faruwa ga kusan mutum 1 cikin 100 ne a shekara ko ma ƙasa da haka. Alluran siRNA suna sauke HBsAg ninki goma har zuwa ɗari, sai dai ga yawancin mutane in an daina yana sake hawa sannu a hankali tunda kundin nan yana ɗaki. Wani gwaji da aka wallafa a ƙarshen 2024 kan wani siRNA mai suna xalnesiran na kamfanin Roche, mutum 159, ya nuna waɗanda aka haɗa musu shi da allurar interferon mai zaburar da garkuwar jiki, kashi 23 cikin 100 sun rabu da HBsAg har mako 24 bayan gama magani, waɗanda aka ba shi babu haɗi kuma basu wuce kashi 7 ba, kuma masu ƙarancin HBsAg tun farko ne suka dace. Akwai ɗan uwansa bepirovirsen na GSK, shi igiya ɗaya ne amma aikin ɗaya ne na yaga saƙo, a gwajin 2022 na mutum 457 mafi kyawun rukuni ya samu kashi 9 zuwa 10, da allura duk mako har mako 24. Kuma kada a manta akwai wanda aka jefar a hanya, kamfanin Arrowhead ya dakatar da nasa na farko a 2016 bayan birai sun mutu a gwajin sinadarin da yake ɗauke da maganin.

Ni a ganina waɗannan alƙaluman abin murna ne ƙwarai, daga 1 zuwa 10 ko 23 ba wasa bane ga wanda akace masa har ƙarshen rayuwa. Mun ga yadda nau'in C ya koma, da allura ce ta shekara guda mai galabaitarwa, bayan fitowar sofosbuvir a 2013 ya zama ƙwaya ta mako 12 mutum ya warke. Ina fatan in ga irin wannan ranar da raina. Amma ko a hannun manyan kamfanonin duniya, da likitoci suna auna jinin mutum kusan kowane mako dan hanta tana iya tashi a tsakiyar maganin, mafi yawan waɗanda aka yiwa basu rabu da ita ba, kuma a yawancin gwaje-gwajen ma mutane suna kan ƙwayarsu ta kullum aka ƙara musu allurar. Toh ta yaya wani zai ce allura uku a ɗakin otal ka jefar da ƙwaya? Ranar da muka yi wannan zaman likita yace duk na ciwon hanta a hannun masu bincike suke, ba kayan da ake sarowa a jaka bane, kuma duk ranar da wani ya samu lasisi ya iso ƙasar nan da lambar NAFDAC shi da bakinsa zai faɗa min ko ina cikin waɗanda zai yiwa amfani. Abin da yake bani tsoro ba kuɗin da za a cinye ba ne kawai, mutumin da zai daina tenofovir ne yana murna ya warke, bayan wata uku a kawo shi ido jawur ciki a kumbure.

Na kira Kawu a gaban likitan na saka a sifika. Likitan ya gaishe shi da ladabi yace, "Baba, Allah ya saka da zumunci, ka bar shanunka. In kana son taimakonsa ka riƙa tambayarsa ko ya sha maganinsa, kuma kai ma ka zo a gwada ka, dan irin wannan sau da yawa daga uwa ake samu tun ana jarirai, tana bin dangi." Kawu yayi shiru yace toh. Ya zo kuwa, shi da wata ƙanwarsu. Duk wannan zaman likitan bai ƙara min ko sisi kan kuɗin ganinsa ba, ya kuma ba waɗanda ke layi haƙuri da kansa da na fito.

Sai dai ɗakin gwajinsu da famasi basu kai likitan ba, wannan dole in faɗa. Ƙananan gwaje-gwaje kaman ALT na aikin hanta da na ƙoda a ranar kake samu ko washegari, mai ɗiban jinin ma hannunsa da sauƙi kuma a gabanka yake fasa sabuwar sirinji. Amma na yawan ƙwayar cutar ba su suke yi ba, turawa suke, ace maka mako ɗaya sai ya zama biyu ko uku, kuma babu wanda zai kira ka, kai zaka riƙa sintiri kana ƙona kuɗin Keke. Akwai lokacin da akace jinin ya lalace a hanya sai an sake ɗiba, basu karɓi kuɗi na biyu ba amma ko haƙuri mai kyau ba a bani ba. Shi kansa gwajin dubun-dubatar naira ne kuma baya tsayawa wuri ɗaya, duk sanda dala ta motsa sai ya motsa. Na taɓa ganin wani dattijo da ɗansa sun tsaya a teburin biya suna ƙirga kuɗi 'yan ɗari biyu-biyu daga leda, basu cika ba, suka ce za su dawo. Ban sake ganinsu ba. Basu karɓar inshora, kuma POS ɗinsu rabin lokaci ba netwok, ka taho da tsabar kuɗi ko ka shirya tiransifa.

Famasin kuma tenofovir ɗinsu yafi na manyan shagunan magani na cikin gari tsada, ba sosai ba amma ga mai saye duk wata ana ji. Suna yawan canza kamfani, wannan watan farar roba wancan watan kwali, ba tare da bayani ba, mutumin da baya karatu sai ya zaci an canza masa magani ne. Da na tambaya mai bada maganin ya nuna min lambar NAFDAC da ranar lalacewa yace sinadarin ɗaya ne, toh me zai hana a riƙa faɗa wa kowa tun kafin ya tambaya? Abin da na yaba shine ba a tilasta maka saye a wurinsu, likita yana rubuta maka takarda ka kai inda kaga dama, kuma ban taɓa ganin sun cusa wa wani kwalaben ƙarin jini da na wankin hanta da ake cika wa mutane leda dasu a wasu wurare ba.

Basu da injin auna taurin hanta, hoton ciki na gama-gari kawai suke yi, likitan yana lissafawa ne daga gwajin jini in kuma yaga da buƙata ya tura ka wani wuri. Gadajen kwanciya ma kaɗan ne. Saboda haka wanda cikinsa ya riga ya tara ruwa, ko yake aman jini, ko ya fara ruɗewa, kada a ɓata lokaci a nan, a wuce dashi asibitin Barau Dikko ko na Shika kai tsaye, shima likitan abin da zai ce kenan. Wurin na wanda aka gano masa ne yana kan ƙafarsa, yana son sanin ko yana buƙatar magani ko bibiya kawai, dan ba kowa ake ɗorawa ba, da mai juna biyu dake son kare jaririnta, da masu shirin aure da sakamako ya rikita su, na ga ya zaunar da iyayen wata yarinya yana musu bayanin cewa in aka yiwa wanda bashi da ita rigakafi ya kammala babu abin da zai hana auren.

In zaka je ka kira tukuna ka tabbatar ranar likitan hanta ce, ka haɗa duk tsofaffin sakamakonka ko sun yamutse, ka ɗauki kwalin duk abin da kake sha har na gargajiya ka nuna masa dan baya faɗa, ka kuma rubuta tambayoyinka a takarda saboda in ka shiga mantawa zaka yi. Duk wani bidiyo ko saƙon murya da aka turo maka na sabon magani ka bar shi a wayarka ka kunna masa, zai saurara. A wajen yankar kati kuma ka ce musu tun farko da lamba kake so a kira ka.